Daga Titunan Monako Zuwa Kano: Yadda Tseren Motoci Ya Faro a Tsakiyar Jama'a

Wata rana da yamma ina zaune a shagon cajin waya na wani abokina a Tsiga, ina jiran tawa ta ɗan sha wuta, sai na ga samari uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Gem ɗin Asphalt suke bugawa. Mai riƙe da wayar yana karkata ta hagu da dama kamar sitiyari, wata jar mota tana ta keta titunan Alƙahira, tana tsallake gada, tana bangaje shinge. Da aka wuce shi a kwanar ƙarshe sai ƙaramin cikinsu ya juyo ya ce mini, "Yaya, wai da gaske akwai inda ake barin mutane su yi gudu haka a cikin gari, ko dai ƙaryar masu gem ce?"

Na ce masa akwai. Ko ita Alƙahirar da suke gani a fuskar waya an taɓa yin tsere na gaske a cikinta, a shekarar 1947, a tsibirin Jazira da ke tsakiyar kogin Nilu. 'Yan Italiya ne suka kawo ƙananan motoci iri ɗaya ƙirar Cisitalia, wani direba mai suna Franco Cortese ya lashe. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne da na ce titin gari ya girmi filin tsere. Da aka fara wannan wasa babu fili ko ɗaya da aka gina dominsa. A kan hanyar da manomi ke bi da keken doki ake yi, a gaban ƙofar gidajen mutane. Sannan na ce musu akwai shekarar da wata gasa ta taso daga Landan ta zo har Kano. Nan suka ajiye wayar.

Ga labarin a tsanake, tunda ranar ban samu na ƙarasa musu ba.

Kilomita 19 a awa

A ranar 22 ga Yuli, 1894, wata jaridar Faransa mai suna Le Petit Journal ta shirya gasar motoci daga birnin Faris zuwa Rouen. Nisan kilomita 126 ne, bai ma kai Funtua zuwa Katsina ba. Motoci 21 suka tashi. Wanda ya fara isa, Jules-Albert de Dion, ya kwashe awa 6 da minti 48 yana tafiya, wato kusan kilomita 19 a awa. Mai keken da ya makara zuwa gona zai iya jerawa da shi. Har abincin rana suka tsaya suka ci a hanya. Kuma duk da shi ya fara isa ba a ba shi babbar kyautar ba, saboda motarsa da tururi take aiki, sai da wani mutum na biyu mai hura wa tukunyar wuta. Aka raba kyautar tsakanin kamfanin Panhard et Levassor da na Peugeot, wannan dai Fijo da muka sani.

Shekara tara kacal bayan haka lamari ya canza gaba ɗaya. A watan Mayun 1903 aka shirya tseren Faris zuwa Madrid, motoci da babura fiye da 200. Injina sun girma, amma birki yana nan a tayoyin baya kawai, hanyar kuwa ta ƙasa ce babu kwalta. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar burji da rani ya san yadda ƙura ke rufe ido. To haka direbobin nan suke gudu cikin ƙurar na gaba, jama'a kuma sun cika hanyar, suna tsayawa a tsakiya don su hango mota daga nesa, da tunanin za su kauce kamar yadda suke kauce wa doki. Fernand Gabriel, a motar Mors, ya isa Bordeaux da matsakaicin gudun kilomita 105 a awa. Kafin rana ta faɗi aƙalla mutum takwas sun mutu ko sun samu raunin da ya zama ajalinsu, direbobi da 'yan kallo. Cikinsu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault. Gwamnatin Faransa ta dakatar da gasar a nan Bordeaux. Ba a yarda a sake tayar da injinan ba ma. Dawakai ne suka ja motocin zuwa tashar jirgin ƙasa aka mayar da su Faris.

Daga nan aka fito da dabarar zagaye: a zaɓi wasu hanyoyi da suka haɗu suka yi da'ira, a rufe su, a sa masu gadi, motoci su yi ta kewayawa. Haka aka yi gasar Grand Prix ta farko a 1906 kusa da garin Le Mans, zagaye ɗaya kilomita 103, tseren kwana biyu. Inda hanyar ta ratsa wasu garuruwa sai aka shimfiɗa ta katako a bayan gari don a kauce musu. Ferenc Szisz ya ci da Renault, kuma wata ƙaramar fasaha ce ta taimake shi: kamfanin Michelin ya kawo masa bakin taya da ake kwancewa ɗungurungum a ɗaura wani, alhali wasu na ta fama da yanke tsohuwar taya da wuƙa a cikin zafin rana. Ingila kuwa dokarta ta hana wuce mil 20 a awa a kan titi, shi ya sa masu kuɗinta suka gina filin Brooklands a 1907.

Ƙasar da ba ta da fili

To in haka ne, me ya dawo da tsere tsakiyar birni? Amsar tana Monako, wata 'yar mitsitsiyar ƙasa a bakin tekun Bahar Rum. Girmanta kusan murabba'in kilomita biyu ne. Akwai manoma a yankinmu da in aka haɗa gonakin gidansu za a doshi haka.

Ƙungiyar masu motoci ta Monako ta nemi shiga babbar ƙungiyar duniya a matsayin wakiliyar ƙasa, aka ƙi ta. Dalilin da aka ba su shi ne ba su da wata babbar gasa da ake yi a cikin iyakarsu, domin gasar Monte Carlo da suke taƙama da ita tun 1911 kusan dukkanta a hanyoyin wasu ƙasashe ake yi. Wani attajiri mai harkar taba sigari, Antony Noghès, ya ce tunda babu fili, a yi a kan titunan garin. Ya samu goyon bayan Yarima Louis na Biyu da kuma shahararren direban ƙasar, Louis Chiron.

Mai karatu ya ɗan yi tunanin abin da ake nufi. Titi ya taso daga bakin tashar jiragen ruwa, ya hau tudu zuwa gaban gidan caca, ya gangaro ta wata kwana mai kama da ƙugiya a gaban tashar jirgin ƙasa, ya shiga wani rami mai duhu, ya fito ya bi gefen ruwa. Ga layin dogo na jirgin cikin gari a shimfiɗe a kan titin, ga turakun fitilu, ga bangon gidaje. A ranar 14 ga Afrilu, 1929, motoci 16 suka jeru. Ƙuri'a aka jefa don sanin wa zai tsaya gaba. Zagaye 100 ne, kowane kilomita 3.18. William Grover-Williams ya ci da koriyar Bugatti 35B bayan kusan awa huɗu yana murza sitiyari, da matsakaicin gudun kilomita 80 a awa. Rudolf Caracciola na Jamus ya zo da ƙatuwar Mercedes SSK wadda ta fi kowace ƙarfi, amma shan manta da wahalar juya ta a lungu suka sa ya ƙare na uku. Shi wannan Grover-Williams daga baya ya zama ɗan leƙen asirin Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka kama shi suka kashe shi a 1945. Chiron kuwa ya ci gasar garinsu a 1931, kuma ba a sake samun ɗan Monako da ya ci ta ba sai Charles Leclerc a 2024.

A Monako ne kuma, a 1933, aka bar jefa ƙuri'a aka koma auna lokacin kowane direba a gwaji, mai mafi sauri ya tsaya gaba. Wannan tsarin ne har yau kake gani a gem ɗinka kafin a tashi.

Tarabulus, ƙarshen hanyar ayari

A nan Afirka, tsere mafi suna a wancan zamani a Tarabulus ta Libiya ake yi. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Can ne ayarin raƙuma ke kai fatu da tufafin Kano ta hanyar Agadas da Gat da Gadamas, tafiyar watanni, kuma Larabawan can ne suka zauna a unguwar Dandalin Turawa a cikin birnin Kano. Italiya ta mamaye Libiya a 1911, a 1925 kuma ta fara gasar Grand Prix ta Tarabulus a kan hanyoyin jama'a na gefen birnin, zagaye ɗaya kilomita 71. Renato Balestrero ne ya ci ta farko.

Ba don 'yan Libiya aka shirya ta ba. Talla ce ta mulkin mallaka, don a nuna wa Turai cewa ƙasar ta kwanta, a jawo 'yan yawon buɗe ido da masu son ƙaura. A cikin waɗannan shekaru ne sojojin Italiya ke farautar Umar Mukhtar a gabashin ƙasar, har suka rataye shi a watan Satumbar 1931. Duk wanda ya kalli fim ɗinsa ya san abin da ke faruwa a bayan fage lokacin da ake tafa wa direbobi.

Da farko gasar ba ta ja kuɗi ba, ga shi a 1930 Gastone Brilli-Peri, wanda ya ci ta shekarar da ta gabata, ya mutu a wajen gwaji. Sai aka dakata, aka dawo a 1933 da sabuwar hanya mai kilomita 13 a gefen tafkin gishiri na Mellaha, tare da wata dabara: caca. Ana sayar da tikiti a duk faɗin Italiya, a zaro wasu kaɗan, a haɗa kowane da sunan direba. In direbanka ya ci, ka zama miloniya. Kuskuren da suka yi a shekarar farko shi ne an haɗa sunayen tun kwanaki kafin tseren. Me kake tsammani? Masu tikitin da suka dace da manyan direbobi uku, Achille Varzi da Tazio Nuvolari da Baconin Borzacchini, suka zauna da su aka ƙulla yarjejeniya cewa ko wa ya ci a cikinsu za a raba kuɗin. Varzi ya wuce Nuvolari da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Daga baya an yi ta ƙara wa labarin gishiri, amma yarjejeniyar an yi ta, kuma ita ta sa aka koma haɗa tikiti da direba sai ana dab da tashi.

Hanyar Mellaha ta zama ɗaya daga cikin mafi sauri a duniya. Hermann Lang ya ci sau uku a jere da Mercedes, daga 1937 zuwa 1939, yana wuce kilomita 200 a awa a matsakaici a biyu na farko. Da 'yan Italiya suka gaji da shan kaye sai suka canza doka a 1939, suka ce sai ƙananan injina masu lita ɗaya da rabi, irin waɗanda su suka ƙware a kai. Mercedes ta ƙera sabuwar mota a ɓoye cikin kusan wata takwas, ta zo ta ɗauki na ɗaya da na biyu. An yi ta ƙarshe a 1940, yaƙi ya cinye sauran. Wurin ya koma sansanin jiragen yaƙi, yau kuma shi ne filin jirgin sama na Mitiga.

Damin ciyawa da galan na fetur

Abin da hotunan wancan zamani ke nunawa, in ka nemo su a YouTube, shi ne babu komai tsakanin mota da ɗan kallo sai igiya ko damin busasshiyar ciyawa. Direba kansa hular zane ko ta fata yake sawa. Bel ma ba ya ɗaurawa, don a ganinsu gara mota ta wurgar da kai da ta kama da wuta kana ciki.

A ranar 11 ga Yuni, 1955, a Le Mans, Mercedes ɗin Pierre Levegh ta tashi sama ta tarwatse cikin jama'a, ta kashe shi da 'yan kallo fiye da 80. Ƙasar Suwizalan ta haramta tseren zagaye gaba ɗaya, kuma ba a sake yin irinsa a can ba sai 2018, da motocin lantarki a titunan Zurich. A 1957, a gasar Mille Miglia ta Italiya wadda ke ratsa garuruwa, tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe a kusa da wani ƙauye, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da mutum tara da ke bakin hanya, biyar daga ciki yara ne. Daga ranar aka binne wannan gasa. A watan Oktoban 1958 Maroko ta karɓi gasar Formula 1 a kan titunan Ain-Diab da ke Kasabalanka. Stirling Moss na Ingila ya ci, amma abokin aikinsa Stuart Lewis-Evans ya ƙone, ya cika bayan kwana shida. Ka riƙe sunan Moss, za mu sake haɗuwa da shi.

Monako ma ba ta tsira ba. A 1955 Alberto Ascari ya kuskure kwana ya faɗa cikin teku da motarsa, aka tsamo shi da rai. A 1967 Lorenzo Bandini ya yi karo a daidai wannan wuri, Ferrari ɗinsa ta kife a kan damman ciyawar da aka jera don kariya. Ɗan ƙauye ba ya buƙatar a gaya masa abin da ke faruwa in fetur da wuta suka haɗu da harawa. Bandini ya rasu bayan kwana uku. Sai bayan wannan ne aka hana amfani da ciyawa, aka rage yawan zagaye, aka fara kafa shingen ƙarfe.

1974: motoci bakwai suka shigo Najeriya

Gasar da ta zo Kano ba ta zagayen cikin birni ba ce. Jikar tsohon salon nan ce na gari zuwa gari, irin na 1903, sai dai nisan ya ninka sau da yawa. An shirya ta ne don murnar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci a 1974. Da yake Landan zuwa Munich ba wata tafiya ba ce, sai masu shiryawa suka lanƙwasa hanyar: Faransa, Sifaniya, Maroko, Aljeriya, a keta Sahara zuwa Tamanrasset, a shiga Nijar ta Agadas, a taɓa Kano, sannan a juya arewa zuwa Tunisiya, a tsallaka Turai har Turkiyya kafin a dawo Jamus. A watan Mayu fa, lokacin da ko a inuwa mutum ke neman mafita. Ga yankin Sahel yana cikin farin nan da dattawanmu ba su manta ba. Tsadar man fetur ta 1973 ta sa yawancin manyan kamfanoni suka janye, don haka akasarin motoci fiye da 50 da suka tashi na masu zaman kansu ne.

Yanzu ka duba wayar da ke hannunka. In ka ɓata tsakanin Bakori da Malumfashi, ka buɗe taswira ɗigon shuɗi ya nuna maka inda kake. A 1974 babu wannan. Tauraron GPS na farko sai 1978 aka harba shi. Abin da direba ke da shi littafin hanya ne da kamfas da agogon ƙirga kilomita. Littafin zai ce maka in kwalta ta ƙare ka yi kilomita kaza ka juya. To ashe tsakanin lokacin da aka rubuta littafin da ranar gasar, Aljeriya ta ƙara tsawon wata kwalta. Duk wanda ya fara ƙirge daga sabon ƙarshen sai ya juya a inda ba nan ba ne. Motoci suka watse cikin hamada, har sai da aka tashi jiragen sama neman mutane. Stirling Moss, gwarzon Kasabalanka, wanda ya shiga da Mercedes, ya ƙare a wani tsohon sansanin soja babu ruwa, shi da abokan tafiyarsa suna jiran motar da za ta kawo.

Yawancin waɗanda suka kai Tamanrasset ba su iya ci gaba kudu ba. Motoci bakwai ne kawai suka shigo Najeriya, biyar daga cikinsu ne suka kammala dukkan hanyar har Jamus. 'Yan Ostireliya uku suka yi nasara, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, a cikin Citroën DS 23. Motar tana da wata fasaha da ta yi musu rana: maimakon sifirin na ƙarfe, a kan mai da iskar gas take zaune, direba na iya ɗaga cikinta sama in ya zo yashi ko duwatsu. Sun ba ta biyu ratar fiye da awa 28. Ta biyun kuwa Fijo 504 ce, kuma mata biyu 'yan Faransa ne a ciki, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Ta uku da ta huɗu ma 504 ne. Mota 19 aka lissafa sun gama, ta ƙarshensu da tarar lokaci ta sama da awa 450.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1975, masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki, 504 ta cika tashoshinmu. Direbobin haya da ke cewa ba a yi mota mai jure wahala kamarta ba, ba su san an riga an gwada maganarsu a Sahara ba. Daga 1979 kuma gasar Faris zuwa Dakar ta riƙa ratsa Agadas, a gida kuma bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe yana haɗawa da gasar tuƙin mota.

Titin da ya daina zama titi

Yau tseren cikin birni ya dawo da ƙarfinsa. Akwai Singafo da ake yi da dare, akwai Baku, akwai Las Vegas, akwai Jidda wadda ta fara a 2021 a bakin Bahar Maliya, inda matsakaicin gudu ke kai kusan kilomita 250 a awa. Gasar motocin lantarki ta Formula E, da ta fara a Beijin a 2014, da niyya ta zaɓi tsakiyar birane tunda babu hayaƙi kuma ƙarar ba ta kai ta injin fetur ba. Ta zo Marrakesh a 2016, ta zo Cape Town a 2023.

Sai dai abin da bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna maka shi ne aikin da ake yi kafin mota ta farko ta motsa. A Monako ana kwashe kusan mako shida ana kafa shinge da ragar ƙarfe da wuraren zama, a yi mako uku ana kwancewa. Murafun magudanar ruwa har walda ake yi musu, domin iskar da ke bi ta ƙarƙashin motar na iya tsotso su sama. In ka ji kamar zuzutawa ce, a Las Vegas a 2023 wani murfi da bai kamu da kyau ba ya fasa ƙasan Ferrari ɗin Carlos Sainz minti kaɗan da fara gwaji, aka tsayar da komai aka bi titin ana duba kowane murfi. Kowace kwana da ma'aikatan tuta da abin kashe gobara, ga motar likita tana bin su a zagayen farko. Motar kanta tana ɗauke da na'urorin auna abubuwa kusan 300 da ke aika bayanin zafin taya da birki da inji ga injiniyoyi nan take. Tun 2018 akwai wata baka mai ƙarfi da ta kewaye kan direba. Zagaye mafi sauri a 1929 minti 2 da daƙiƙa 15 ne. A 2025 Lando Norris ya kewaye titin, wanda ya ɗan ƙara tsawo ma, a ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 10.

A ganina wannan ne samarinmu masu wasan mota ba su kwafo ba. Sun kwafo juya mota tana ƙugi tana hayaƙi, sun kwafo ɗaga tayar gaban babur, sun bar rufe hanya. Ba kuma wai ba mu iya ba ne. Ka je Katsina ranar Hawan Sarki ko Hawan Bariki. An san rana, an san hanyar da za a bi, ga dogarai da 'yan sanda, kowa ya san inda zai tsaya in mahaya sun sako dawakai zuwa Ƙofar Soro. Mun daɗe da sanin yadda ake ba gudu titi na yini guda. Amma in an zo ga inji sai a bar shi ga rakiyar amarya da yammacin Sallah, a tsakiyar masu talla. Rundunar 'yan sandan Kano ta sha fitar da sanarwar hana kilisa da tseren motoci a irin waɗannan ranaku. Ni dai da za a ji tawa, da hanin ya zo tare da fili: wani fegi a bayan gari, shinge, hular kwano, motar asibiti, rana ɗaya a wata. Masu sayar da taya da man inji ba za su ƙi ɗaukar nauyi ba.

Bara bayan girbi na bi rakiyar amaryar wani ɗan'uwanmu daga wani ƙauye zuwa Tsiga. Babura sun kai ashirin. Wani yaro da na sani tun yana rarrafe ya miƙe tsaye a kan kujerar Boxer ɗinsa, ya saki hannu, abokinsa na binsa a gefe yana ɗauka da waya. A shigowa gari akuya ta gifta. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, ya karkaɗe rigarsa. Babur ɗin kuwa ya ci gaba shi kaɗai har ya samu wata yarinya mai tallan awara a bakin hanya, ya karya mata ƙafa a wuri biyu. Bidiyon ya zagaya WhatsApp kafin magariba, sai dai an yanke shi daidai inda akuyar ta fito. Yarinyar ta yi wata biyu a gidan mai ɗori. Ranar da nake zaune a shagon cajin nan ta wuce ta gabanmu da farantinta a ka, tana ɗan jan ƙafar hagu, samarin kuma sun riga sun koma zagaye na gaba a titunan Alƙahira.